Wuyan kekena yana ƙwas-ƙwas tun da na cire zobe ɗaya, dan Allah a taimaka

Abba Kawo:
Slm 'yan uwa barkanmu da dare. Masu ilimin keke ku zo ku cece ni dan Allah. Keken nan nawa ɗan gwanjo da na saya watan jiya, kan ya yi min sama da yawa ina zaune a miƙe kamar mai tafiya gona a kan Rali, shi ne jiya na ce bari in sauke shi kaɗan. Na kwance notin da ke saman murfi, na sassauta biyun nan na gefe, na zare wuyan, na cire zobe ɗaya mai kauri cikin ukun da ke ƙasa, na mayar da komai na ɗaure. Toh tun daga nan in na kama birkin gaba sai inji ƙwas a wuya, kamar wani abu ya saki. Yau da safe ina saukowa daga gadar Kawo wlh gabana sai da ya faɗi, gaban keken duk rawa yake. Na dawo gida na ɗaure notin saman nan iya ƙarfina har alankin (makullin noti mai siffar L) ya fara lanƙwasa amma ƙwas ɗin na nan. Boris ne ya mutu ko me?

Sadiq U/Rimi:
Hhhh kai da ka sayi keke lafiyayye ka je ka yi masa kaciya. Zoben yana ina yanzu?

Abba Kawo:
Yana cikin gwangwanin kusoshi a bayan ƙofa. Sadiq ba wasa nake ba fa, da shi nake zuwa aiki.

Malam Iro mai gyara:
Wa alaikumussalam. Yaro ba boris ba ne. Samu sifana 32 ka kwance babban notin da ke kan wuya, ka murɗa kofin da ke ƙasansa da hannu har rawar ta tsaya, sannan ka mayar da notin ka ɗaure kana riƙe da kofin. Shekara talatin da wani abu muna wannan aikin a Tudun Wada. In kuma wuyan ya ƙi motsi ka ɗan buga kan dogon notin da guduma zai saki.

Injiniya Bash Barnawa:
Abba kar ka ƙara taɓa wannan notin na sama, ajiye alankin tukun. Baba Iro Allah ya ƙara girma, maganarka daidai take amma ga wuya mai zare irin na Phoenix da Raleigh na da. Na Abba inaga ba shi ba ne, tunda ya ce akwai noti biyu a gefe da zobba a ƙasa, wannan marar zare ne, babu inda sifana 32 zai kama. Abba turo hoto daga sama, ka cire murfin mu ga bakin bututun.

Abba Kawo:
Gashi na turo. Bututun fok ɗin, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, ya ɗan leƙo sama da wuyan.

Injiniya Bash Barnawa:
Shi ke nan ai ga ɓarawon nan a fili. Bari in yi bayani a hankali don na san ba kai kaɗai ba ne a gidan nan.

Wannan notin na saman murfi ba shi ke riƙe kan keke ba, mutane da yawa nan suke ruɗewa. Aikinsa ɗaya ne tak, ya danna murfi, murfi ya danna wuya, wuya ya danna zobba, zobba su danna ɗan zoben nan mai tsaga da ke zaune a kan boris na sama, sai boris ɗin sama da na ƙasa su zauna daram babu rawa. Kaga kenan dole murfin ya zauna a kan wuya ko a kan zobe, ba a kan bakin bututun fok ba. Shi ya sa ake son bakin bututun ya kasance ƙasa da saman wuya da kamar milimita 2 zuwa 3, wannan 'yar ratar ita ce ke ba murfi wurin da zai danna.

Kai kuma da akwai ratar nan lafiya lau, sai ka cire zobe mai milimita 10, wuya ya sauka da 10, bututu ya fito sama da kamar 7. Yanzu murfi a kan bututu yake zaune, ko ka kira 'yan dambe su ɗaure maka notin nan ba abin da zai danna a ƙasa, abin da kake ja kawai shi ne tauraron da ke cikin bututun, wato ɗan ƙarfen nan mai haƙora da notin saman ke shiga cikinsa, kana tumɓuko shi sama.

Magani: ɗauko zoben daga gwangwani ka ɗora shi a SAMAN wuya, sannan murfi. Kan ya sauka yadda kake so, tsawon kayan kuma ya koma yadda yake da.

Sadiq U/Rimi:
Wato zoben da ya kora daga aiki shi ne mai gidan. Abba je ka ba shi haƙuri.

Malam Iro mai gyara:
To ban ga hoton ba lokacin da na yi magana, wayar tana hannun yaron shago. Na yarda wannan irin na zamani ne. Amma Injiniya ka bar abu ɗaya, yaron nan ya ce ya ɗaure har alanki ya lanƙwashe, to tauraron nan ba lafiya ba. Ka haska fitilar waya cikin bututun ka gaya mana abin da ka gani.

Abba Kawo:
Baba na haska. Ya taso kusan bakin bututun kuma ya karkace gefe ɗaya, akwai ma 'yan ƙarce-ƙarce masu ƙyalli a jikin bututun ta ciki inda haƙoransa suka ja.

Malam Iro mai gyara:
Na faɗa. Mayar da notin cikinsa ka murɗa shi ya shiga sosai, ka tsayar da shi sak, ka dinga bugun kan notin da ƙaramar guduma kaɗan kaɗan kana duba ko ya miƙe, har ya koma ciki kamar faɗin ɗan yatsa. Tayar gaba tana ƙasa, wani ya riƙe maka keken. In fukafukansa sun karye ko ya ƙi kamawa to kar ka wahalar da kanka wajen ciro shi ta sama, ba ya fitowa ta nan, tura shi can ƙasa ka sa sabo a kansa.

Injiniya Bash Barnawa:
Haka ne, wajen milimita 15 daga baki ake sa shi. Baba a nan kam gudumarka ta yi rana.

Sai tsarin ɗauri, don shi ma in aka juya shi aikin banza ne. Notin gefe biyun nan su kasance a sake tukun, wuyan yana iya juyawa a kan bututu. Sannan ka ɗaure na sama a hankali da yatsu biyu a kan alanki, kana yi kana gwadawa: kama birkin gaba, ɗora yatsun ɗaya hannun a inda kofin sama ya haɗu da firam, ka tura keken gaba ka dawo da shi baya. In kana jin motsi a ƙarƙashin yatsunka ƙara kwata ɗin zagaye ko ma ƙasa da haka. Da rawar ta ɓace ka tsaya. Sai ka ɗaga gaban keken ka karkata shi, kan ya kamata ya faɗi gefe da kansa ba tare da ka tura ba, in ya tsaya ƙiƙam ko yana tafiya da ƙyar ka matse da yawa, sassauta kaɗan. Bayan nan ne za ka daidaita wuya da taya ka ɗaure na gefe, wannan kaɗan wancan kaɗan kana musanyawa, kar ka gama da ɗaya sannan ka koma ɗayan. Su ne ainihin masu riƙe ranka. In ka fara ɗaure na gefe sannan ka zo kana murɗa na sama, tauraron za ka sake tumɓukowa.

Nura Rigasa:
Ni fa duk wannan dogon turancin bai dame ni ba. Nawa zobe ɗaya ya ɓata na yanko fayif ɗin ruwa na roba na sa, wata shida kenan ina zuwa tashar jirgin ƙasa ina dawowa ba abin da ya faru. Abu kaɗan sai ku mai da shi karatun jami'a.

Injiniya Bash Barnawa:
Nura a sama ka sa ko a ƙasan wuya?

Nura Rigasa:
A ƙasa mana.

Injiniya Bash Barnawa:
Toh ka je ka kama birki ka girgiza yanzu ka dawo ka faɗa mana tsakani da Allah. Ba wai roba haramun ba ce, akwai zobban roba mai tauri da kamfanoni ke yi, amma su an yi su ne bakinsu a shafe daidai sama da ƙasa. Kai da zarto ka yanka, gefe ɗaya zai fi ɗaya tsawo ko da rabin milimita ne, sai ya danna boris ta ɓangare guda, ga kuma zafin ranarmu robar tana laushi tana lotsawa, yau ka daidaita jibi rawa ta dawo.

Nura Rigasa:
Akwai ɗan motsi kaɗan amma ai titin Rigasa ne, ko tankar soja ce sai ta yi motsi.

Sadiq U/Rimi:
Ya amsa laifi amma ya ɗora wa titi 😂

Malam Iro mai gyara:
Nura ɗana, wannan ɗan motsin da kake rainawa shi ke cin kofi. Duk rami ɗaya da ka faɗa ƙwallayen suna dukan mazauninsu kamar maƙera, wata rana za ka ga kan yana tsayawa a tsakiya da kansa kamar an yi masa gurbi, in ka juya yana ƙat ƙat, daga nan kuma sai canjin kaya gaba ɗaya. In ba ka samu zobe a wajen masu kayan keke ba ka ɗauki ɗaya daga cikin naka ka je Panteka wajen masu injin sassaƙa ƙarfe su fitar maka da irinsa a alminiyam, aikin minti kaɗan ne. Ka ce musu bakin ya kwanta daidai.

Injiniya Bash Barnawa:
Kuma ka tafi da awo. Yawancin kekunan gwanjon nan bututunsu inci 1 da 1/8 ne, wato milimita 28.6, amma akwai tsofaffi masu inci 1, milimita 25.4, zoben wannan ba ya yi wa wancan. Kar kuma a haɗa da inda wuya ke kama ƙahon da kake riƙewa in kana tuƙi, can awonsa daban, na yanzu 31.8 ne na da kuma 25.4 ko 26. Zobban da ake sayarwa akwai mai 2, 3, 5, 10 har 20, in ka samu ƙanana biyu uku ka ajiye suna da amfani wajen cike 'yar ratar nan.

Wannan tsarin marar zare ma ba wani tsoho ba ne can, farkon shekarun 1990 ya bazu da sunan Aheadset daga Dia-Compe ta Amurka, wadda daga baya ta zama Cane Creek. Shi ya sa iyayenmu da suka koyi aiki a kan Raleigh hannunsu ke fara zuwa kan sifana.

Maman Hanif Malali:
Sallama. Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ana maganar wuya. Keken Hanif ya yi masa kaɗan, babansa ya ja kan sama sosai don ya daina sunkuyo, nasa babu zobban nan da kuke faɗa, noti ɗaya ne dogo a tsakiya. Yanzu na duba na ga wani layi da 'yan rubutu a jikin ƙarfen sun fito waje, da ban taɓa ganinsu ba. Akwai matsala ne?

Malam Iro mai gyara:
Hajiya kar yaron nan ya hau keken nan gobe sai an gyara. Wannan layin iyaka ce, dole ya ɓuya a cikin bututu, in kina ganinsa to abin da ya rage a ciki bai kai ya riƙe ba, yana iya fasa bututun ta wajen zare ko ya zare gaba ɗaya yaro yana gudu. Na ga wanda haka ta same shi, haƙora biyu ya bari a kan kwalta. A kwance dogon notin zagaye uku ko huɗu, kar a cire shi duka, a ɗan buga kansa da guduma ya faɗa ƙasa, ƙarfen da ke cije a ciki zai saki, a shafa ɗan giris, a tura wuyan har layin ya shige, a daidaita da taya a ɗaure. In kuma a haka ya yi masa ƙasa to keken ne ya yi kaɗan, a miƙa wa ƙaninsa.

Injiniya Bash Barnawa:
Wannan fagen Baba ne, ba ni da abin ƙarawa.

Maman Hanif Malali:
Na gode Baba Allah ya saka da alheri. Na kulle shi a kicin har babansa ya dawo, yana can yana kumbure-kumbure.

Kabiru Kinkinau:
Abba shawara ɗaya zan ba ka don na san abin da zai zo ranka nan gaba. Za ka ga zoben nan a sama kamar ɗan bututun hayaƙi ya tsaya maka a ido, wani zai ce ai yankewa ake yi. Kar ka yi gaggawa. Ni bara na kai nawa wani shago, ban faɗi suna ba, na ce a rage min bututu, yaron ya auna da wuya kawai a hannu bai sa murfin boris na sama a lissafi ba, ya sa zarto ya yanke, da muka zo haɗawa notin gefe na sama iska yake kamawa, bututun bai kai gurinsa ba. Haka na yi wata biyu ina neman fok ɗin da zai shiga, keken yana jingine a zaure yana shan ƙura. Abin da aka yanke ba ya dawowa. Ka hau shi sati uku huɗu a haka, in bayanka da wuyanka da tafin hannunka ba su yi ƙorafi ba sannan ka yi maganar yanka, in sun yi kuma ka mayar da zoben ƙasa ba ka yi asarar komai ba. In ma za ka sayar wata rana mai saye zai so ya samu abin ɗagawa.

Wani abin kuma, wuyan kansa ana iya kifa shi. Yawanci yana da ɗan kwana, digiri 6 ko 7, wasu har 17, in yana kallon sama ka juya shi ya kalli ƙasa kan zai sauka ba ka taɓa zobe ko ɗaya ba. Sai dai ka kwance ƙahon, wajen mayarwa kuma notin fuska huɗun nan a ɗaure su a giciye, ratar sama da ta ƙasa su zo daidai, sai in an rubuta a jiki cewa a rufe gefe ɗaya tukun.

Sadiq U/Rimi:
Kabiru har yau zafin fok ɗin nan bai bar ka ba, duk hira sai ka kawo shi.

Kabiru Kinkinau:
Kai dai Allah ya kiyaye ka da yaron shago mai zarto.

Abba Kawo:
To na gefen nan yaya zan san ya ɗauru? Naga an rubuta 5Nm a jiki ban san me ake nufi ba.

Injiniya Bash Barnawa:
Awon ƙarfin ɗauri ne, yawancin wuya 5 ne ko 6, kuma akwai sifana mai awo da ke yin ƙas in ka kai. Ina da shi, duk mai so ya zo Barnawa.

Malam Iro mai gyara:
Mu dai hannunmu ne awonmu. Kafin a haifi sifana mai ƙas muna ɗaure wuya kuma ba wanda kansa ya zare.

Injiniya Bash Barnawa:
Baba hannunka ya shekara talatin yana koyo, hannun Abba kuma yau ya lanƙwasa alanki. Kuma a kan ƙarfe da alminiyam in ka wuce kaɗan yawanci zaren noti ne zai tafi, amma yanzu kekunan tsere masu fok ɗin kabon (carbon fibre, marar nauyi, ba ƙarfe ba ne) suna shigowa cikin gwanjo, akwai mutum uku a gidan nan da ke da su. Kabon ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, tsagewa yake ta ciki. Shi ba a buga masa tauraro sam, haƙoran suna yanka shi, akwai wani toshi mai buɗewa da ake sawa a ciki wanda ke tallafe bututun a daidai inda wuya ke matsewa. Ba a shafa masa giris a wajen. Kamfanoni da yawa suna cewa a bar ƙaramin zobe mai 5 a saman wuya don notin sama ya kama bututu cikakke ba bakinsa ba, kuma kar a tara zobba a ƙasa fiye da milimita 30 zuwa 40, ya danganta da mai fok ɗin. A nan kam ba zan yarda da awon hannu ba ko na waye.

Malam Iro mai gyara:
Na kabon ku riƙe abinku, in an kawo min ma cewa nake a kai wa masu shi. Amma na Abba alminiyam ne ko ƙarfe. Abba ka sa dogon gefen alankin a cikin notin ka riƙe gajeren, da shi za ka murɗa, ƙarfinka ba zai wuce gona da iri ba. In ka gama ka tsaya a gaban keken ka matse tayar tsakanin gwiwoyinka ka murɗa ƙahon hagu da dama da ɗan ƙarfi, in bai zame ba ya ɗauru. Kuma tunda ka riga ka buɗe, ka sauke fok ɗin ka goge boris ka sa sabon giris, ƙurar hunturun nan tana shiga ta zama kamar yashi, ka lura da yadda ka ciro su kar ka kifa su wajen mayarwa.

Injiniya Bash Barnawa:
Wani abu da na manta, in birkinka na faranti ne wani lokaci takalmin birkin ke ɗan motsi a gidansa ka zaci wuya ne, haka ma fok mai sifirin yana da nasa wasan. Ka juya kan gaba ɗaya gefe, tayar ta gitta, sannan ka girgiza, in yatsunka ba su ji komai a kofi ba to wuya lafiya.

Abba Kawo:
Barkanmu da safiya. Alhamdulillah. Bayan asuba na zauna a tsakar gida ni da ƙanena, tauraron ya koma da bugu kamar shida, bai karye ba. Boris na ƙasa giris ɗinsa ya zama ja kamar ƙasar Mando, na wanke da kananzir na shanya na sa sabo. Zobe ya hau sama, na sa farce na ji ratar nan kafin in rufe, na ɗaure na sama da yatsu biyu, bai ma kai inda nake zato ba rawar ta ɗauke. Na bi ta gadar na sauko na kama birki da gangan sau uku, shiru kake ji. Baba Iro, Injiniya, Yaya Kabiru Allah ya biya ku. Abu ɗaya ne, ina tafiya naga kamar kan ya ɗan kalli hagu.

Sadiq U/Rimi:
Ba kan ba ne, kai ne ka karkace tun haihuwa.

Malam Iro mai gyara:
Sassauta na gefe biyun kawai, kar ka taɓa na sama. Hau tsakiyar keken ka rufe ido ɗaya ka kalli wuyan da tayar daga sama, ko ka kara sanda miƙaƙƙiya a gaban ƙafafun fok ka ga ko ta yi layi ɗaya da ƙahon. Sai ka ɗaure.

Nura Rigasa:
Baba wane layi ne masu injin suke a Pantekar? Fayif ɗin nawa na ciro shi yanzu, gefe ɗaya ya lotse kamar an taka.

Malam Iro mai gyara:
Biyo ta shago da la'asar mu je tare, ka zo da zobe ɗaya na asali a aljihu.